Labarin Shehu Ahmadu Rufa'i da Kyanwa da Kare Mai Ƙazwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya yi daɗin tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajirai, Allah ya datar da ni da ku, wannan 'yar takarda ce a cikin labarin Shehu Ahmadu Rufa'i, Allah ya yarda da shi, da abin da ya gudana tsakaninsa da dabbobin da mutane suka yar. Mai rubuta ta bawa ne mabuƙaci zuwa ga rahamar Ubangijinsa, mazaunin Garo ta ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano. Ban rubuta ta domin na kai matsayin masu rubuta labarin waliyyai ba. Abin da ya sa ni kun san shi, babu amfanin ɓoyewa. Gidana ya cika da kyanwoyi, yau su 11 ne ban da jarirai, kuma akwai karnuka 2 da nake ciyarwa. Magana ta yawaita a kaina cikin unguwa, har waɗansu daga cikinku suka bar zuwa zaurena zikirin daren Juma'a. Na so in yi jayayya da baki, sa'an nan na ga jayayya ba ta ƙara mini komai sai girman kai. Sai na koma ga littattafan ɗabaƙa ina neman hujja a kanku, na tarar hujjar rabinta tawa ce, rabinta kuwa a kaina take. To, ga ta nan duka, har da rabin da ya kā da ni.

Fasali a cikin asalinsa da ƙasarsa

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, sunan nan Rufa'i da muke yi wa Ahmadu laƙabi da shi a ƙasar Hausa, sunan wannan bawan Allah ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da ɗa Ahmadu Rufa'i, wanda ya yi sarautar Musulmi a Sakkwato daga 1867 zuwa 1873, kuma har yau da wuya ka shiga gari ka rasa Rufa'i. Suna ya iso mana, labarin mai suna bai iso ba sai kaɗan.

Shi ne Abul Abbasi Ahmadu ɗan Aliyu. An haife shi a ƙasar Iraƙi, a yankin da ake ce wa Baɗa'ihu, tsakanin birnin Wasiɗ da birnin Basra. Zahabi ya sa haihuwarsa a shekara ta 500 ta Hijira, mutanen ɗariƙarsa kuwa suna cewa 512, watau 1118 ta Miladiyya. Ko wanne ka ɗauka, ya faɗa cikin zamanin Gijimasu, sarkin da Tarihin Kano ya ce shi ya fara ginin ganuwar birni, tun da sauran shekara fiye da 200 kafin zuwan Wangarawa.

Baɗa'ihu fadama ce, amma kada ka kwatanta ta da fadamun da ka sani. Ruwan Dijla da na Furatu ne suke malala su bazu a bisa ƙasa, tafiyar kwanaki, kyauro ya tsiro a ciki har ya fi tsawon mahayi a bisa dokinsa. Da kyauron nan mutanenta suke gina ɗakunansu, da kwalekwale suke zuwa unguwa, abincinsu shinkafa da kifi da madara da dabino, sauro kuwa ba a maganarsa. A cikin wannan ƙasa akwai ƙauye ana ce masa Ummu Abida, nan ne mazaunin Shehu da makwancinsa.

Mahaifinsa makarancin Alƙur'ani ne, ya auri 'yar'uwar Shehu Mansur, babban mai zuhudu na wannan yanki. Sa'an nan ya rasu ya bar Ahmadu maraya. Waɗansu sun ce tun yana ciki, waɗansu sun ce yana da shekara 7. Kawunsa Shehu Mansur ya riƙe shi, ya kai shi karatu wurin Shehu Aliyu Wasiɗi, ya haddace Alƙur'ani, ya karanta fiƙihu a bisa mazhabar Imamu Shafi'i, littafinsa shi ne Tanbihi na Abu Ishaƙa Shirazi. Ka riƙe wannan, cewa Bashafi'e ne, zama za mu buƙace shi a gaba.

Sha'arani ya kawo a cikin Ɗabaƙa tasa cewa sa'an da ajalin Shehu Mansur ya matso, matarsa ta matsa masa ya yi wasiyya da shugabanci ga ɗansa, shi kuwa ɗan 'yar'uwarsa yake so. Sai ya aiki samarin biyu su yanko masa ciyawa. Ɗansa ya komo da dami babba. Ahmadu ya komo hannu wofi, da aka tambaye shi ya ba da uzuri da cewa duk ciyawar da ya kai wa hannu ya tarar tana tasbihi, ya kasa tumɓuke ta. Matar ba ta ƙara magana ba. Shehu Mansur ya rasu a shekara ta 540, Ahmadu ya gaje shi. Wanda ya kasa cire ciyawa, kada ka yi mamakin abin da za ka ji ya yi wa kare.

Fasali a cikin zamansa da mutane

Na fara da mutane tun kafin dabbobi da gangan, domin haka rayuwarsa ta jeru, kuma domin ni kaina na juya wannan jeri, na sha kunya.

Idan ya komo daga tafiya ya kusa Ummu Abida, sai ya ɗaure ƙugunsa, ya fito da igiya da yake ajiye da ita, ya yi itace ya ɗora a ka. Almajiransa in sun ga haka su ma sai su yi. In sun shiga gari sai ya raba wa matan da mazansu suka mutu da makafi da marasa lafiya da tsofaffi. Yakan fita ya tsaya a hanya yana jiran makafi domin ya ja musu gora. Yakan je wurin kutare da guragu ya wanke musu tufafi, ya cire musu ƙwarƙwata daga kai da gemu, ya kai musu abinci ya zauna ya ci tare da su, sa'an nan ya roƙe su addu'a. Ka lura, shi ne mai roƙon addu'a a wurinsu.

Zahabi ya ce ba ya haɗa riga biyu, kuma ba ya cin abinci sai bayan kwana biyu ko uku, ci ɗaya. In rigarsa ta yi dauɗa sai ya shiga ruwa da ita a jikinsa ya cuɗa, ya fito ya tsaya a rana har ta bushe. In baƙo ya sauka sai ya bi gidajen almajiransa yana tara masa abinci a cikin zane. Wannan kuwa mutum ne da jama'a mai yawa ƙwarai ta bi shi tun yana raye, zamaninsa ɗaya da Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 561, watau 1166, kuma mutanen baya suna ƙidaya su biyun cikin ƙuɗubai huɗu, tare da Ahmadu Badawi da Ibrahimu Dasuƙi na ƙasar Masar. Labarin hajjinsa na shekara ta 555 da sauran karamomi masu manaƙibu sun tsawaita a cikinsu, ni ba su na zauna rubutawa ba.

Fasali a cikin kyanwa

An ruwaito cewa wata rana kyanwa ta zo ta kwanta a bisa hannun rigarsa ta yi barci, sai lokacin salla ya yi. Bai tashe ta ba. Ya yanke hannun rigar daga inda take kwance, ya tafi ya yi sallarsa. Sa'an da ta farka ta tafi, ya ɗauki ƙyallen ya ɗinke shi a inda yake, ya nuna cewa babu abin da ya sāke.

Mutane suna son wannan labari domin daɗinsa, yara ma suna son sa. Ni ma haka na riƙe shi shekaru, sai da na haɗa shi da maganar Zahabi cewa ba ya haɗa riga biyu. Ashe rigar da ya yanka ita ke nan gare shi. Bai jinkirta salla ba, haƙƙin Allah ya tsaya a inda yake. Bai tashi kyanwa ba, barcinta ya tsaya a inda yake. Bai kira almajiri ya ce a kawo wata riga ba. Abu ɗaya ne ya ragu a wurin nan, shi ne rigarsa, kuma da hannunsa ya ɗinke ta.

Irin wannan yana da yawa gare shi. Sauro ya sauka a hannunsa yana alwala, ya dakata har ya tashi. Fāra ta sauka a gefen rigarsa inda inuwa take, yana cikin tafiya a rana, ya tsaya mata har ta tashi. Kuma Sha'arani ya ce yakan fara yin sallama ga duk wanda ya gamu da shi, har dabbobin gida, har karnuka.

Ni kuwa ga yadda tawa ta fara. Wata damina ina dawowa daga gona, na ji kuka daga cikin buhu a bakin kududdufi. Na kwance, 'ya'yan kyanwa ne 4, ɗaya ta riga ta mutu. Wannan al'ada ce da muka sani mu duka, mage ta haihu ta dami gida, a zuba 'ya'yan a buhu a ba yaro ya kai nesa. Na kawo su gida cikin hular kaina, muka raine su da madara a murfin kwalba. Daga nan sai yara suka gane, duk wanda aka ba buhu sai ya sauke shi a ƙofar zaurena ya ruga. Akwai baƙa wadda aka jefe ta har ido ɗaya ya mutu, domin wai mayya ce. Akwai muzuru da tarko ya cinye masa ƙafa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce zama da su daɗi ne tsantsa ba. Ba a barin ƙwaryar nono a buɗe, ba a shanya kifi, tabarmar salla sai an rataye ta, in sanyi ya shigo kukan muzurai ya hana barci. Amfanin da na gani a fili ɗaya ne, ɓera ya bar rumbuna da littattafaina. Amma abin da ban gani ba, domin ban so in gani ba, shi ne ba ni nake biyan kuɗin wannan tausayi ba. Uwargidana ce take share ƙazantarsu da asuba, ita ce take rufe tukwane, daga tuwon 'ya'yanta ake gutsurar nasu. Maƙwabciyata tsohuwa ce mai kiwon kaji, da su take sayen gishiri da sabulu, muzuruna ya kwashe mata 'yan tsaki sau biyu. Da ta aiko, na aika mata da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Hadisin gaskiya ne, yana cikin Buhari da Muslimu. Amma ni na yanki hannun rigar tsohuwa na shimfiɗa wa kyanwata, sa'an nan na bi ta da wa'azi. Astagfirullah.

Fasali a cikin kare mai ƙazwa

Wannan shi ne zuciyar takardar, ka natsu.

An samu wani kare a Ummu Abida, ƙazwa ta kama shi, gashinsa ya zube, fatarsa ta yi gyambo, mutane suka ƙyamace shi suka kore shi zuwa wuri mai nisa bayan gari. Sa'an da Shehu ya sani, ya fita ya bi shi cikin daji. Ya kafa masa rumfa domin rana. Ya dinga shafa masa mai, yana ciyar da shi, yana shayar da shi, yana goge masa ƙazwar da tsumma. Sa'an da ya warke, ya ɗauko ruwan zafi ya kai can ya yi masa wanka. Haka Sha'arani ya kawo shi. Waɗansu masu manaƙibu sun ƙara da cewa jinyar ta kai kwana 40, kuma da aka yi masa magana a kan wannan hidima duka saboda kare, ya amsa da cewa yana tsoron Allah ya yi fushi da shi ranar alƙiyama saboda rashin tausayin abin da aka jarraba, kuma yana tsoron a jarrabe shi da irin cutar.

Kada ka ga kwana 40 ka ce ƙari ne na masu labari. Yau an san ƙazwa wani ɗan ƙwaro ne ƙanƙane da ido ba ya gani, yana huda fata ya yi ƙwai a ciki, daga ƙwai zuwa babba kamar mako uku ne, don haka wanda ya shafa magani sau ɗaya ya tafi bai yi komai ba, sai an maimaita har zuriyar ƙwaron ta ƙare, fata ta komo. Na gwada da hannuna, da maganin zamani ma sai da na yi fiye da wata.

Yanzu ka komo ga abin da na ce ka riƙe. Mu Malikawa, a wurinmu kowane mai rai tsarkakakke ne, da yawunsa da guminsa, har kare, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, kuma wanke ƙwarya sau 7 in kare ya yi lallagi a cikinta bauta ce kawai, ba domin najasa ba. Amma a mazhabar Shafi'i kare najasa ne mai kauri, duk abin da ya taɓa shi da danshi sai an wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. To, ka duba da zuciyarka, malami Bashafi'e mai riga ɗaya, hannunsa cikin mai da gyambon kare, ga salloli 5 suna jiransa kowace rana, kowace kuwa sai da tsarkin jiki da tufa. Bai sauya mazhaba domin ya sauƙaƙa wa kansa ba, bai kuma bar karen ba. Ya ɗauki wahalar wanki a kansa. Mu da mazhabarmu ta yalwata mana, mu ne yaranmu suke bin kwikwiyo da duwatsu har ya mutu, manya suna zaune a dakali suna kallo. Ga wannan hujja tawa ce a kanku, ba na janye ta. Kun san hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana cikin Muwaɗɗa da kuke karantawa. Kun san kare ya kwanta a bakin kogo tare da samarin Suratul Kahfi da kuke karantawa kowace Juma'a.

Amma ga rabin da ya kā da ni. Shehu shi ne shugaban Ummu Abida, in ya so da ya ce a dawo da karen cikin gari, a kwantar da shi a zawiya, babu mai musa masa. Bai yi ba. Bai tilasta wa mutanen gari su zauna da abin da suke ƙyama ba, bai kira su azzalumai a bisa mumbari ba. Shi ne ya tashi ya bar shimfiɗarsa da almajiransa ya tafi inda karen yake.

Ni kuwa sa'an da na tsinci karen farko a gefen hanyar Gwarzo, mota ta buge shi, ƙazwa ta cinye bayansa, sai na kwantar da shi a cikin zaure, wurin da muke zikiri. Wani dattijo daga cikinku, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga, ya tuna mini cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake, kuma Risala ta hana ajiye kare a cikin gida sai domin gona ko dabbobi ko farautar neman abinci. Na amsa masa da cewa mai Risala da kansa, Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, masu sharhi sun ce ya ajiye kare sa'an da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Maganata gaskiya ce, amma katangata ba ta faɗi ba. Abin da yake cikin zuciyata a ranar nan shi ne in nuna na fi ku tausayi. Dattijon ya juya ya tafi, mutum 6 suka bi shi. Shi ne mai gaskiya a kan zaure, ni ne mai gaskiya a kan jinya, kuma da na karanta labarin Shehu da idon mai neman gyara, da na ga ya haɗa gaskiyar biyu tun shekara 800 da suka wuce, da rumfa guda a bayan gari.

Saboda haka na fitar da karen. Na kafa masa rumfar kara a gonata, kusa da inda nake tara amfani, can nake kai masa abinci safe da yamma, can na ƙarasa jinyarsa. Na biyun karya ce da mafarauta suka bari domin ta tsufa. Yanzu su biyun gadin gona suke yi, wanda shari'a ta yarda da shi. Na wanke zaure. Na biya tsohuwa 'yan tsakinta, na saƙa mata akurki mai ƙofa, na roƙe ta gafara, ta yafe bayan ta faɗa mini abin da ya dace da ni. Share ƙazantar kyanwoyi kuwa ya komo hannuna, kafin in fita sallar asuba, kuma daga ƙwaryata ake gutsurar nasu.

Tanbihi

Kada wani yaro ya karanta wannan ya tafi yana rungumar kowane kare a hanya. Akwai ciwon haukan kare, yana shiga mutum ta cizo, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Kare da ka gani yana dalalar da yawu, yana cizon abin da ya samu, ko ya sāke hali farat ɗaya, kada ka kusance shi, ka sanar da manya da ma'aikatan dabbobi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa kamar minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran tofi kaɗai. Allurar wannan ciwo tun 1885 aka fara yi wa mutum ita a Faransa, kuma a Vom ta ƙasar Jos akwai ma'aikatar binciken magungunan dabbobi tun 1924. Nawa duka biyun an yi musu rigakafi, ana kuma sabuntawa, kyanwoyin ma haka. Wanda ya ajiye dabba bai yi mata wannan ba, ya sa 'ya'yan maƙwabta cikin hatsari, ya koma ga yankan rigar wani.

Fasali a cikin rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ciwon ciki ne ajalinsa, ya yi kamar wata guda yana jinya. Ya rasu ranar Alhamis, 22 ga Jimada Ula, shekara ta 578, watau 1182, a zamanin halifa Nasiru na Abbasiyawa, aka binne shi a Ummu Abida. Bai bar ɗa namiji ba, ɗan 'yar'uwarsa Aliyu ɗan Usmanu ya gaje shi, kamar yadda shi ma ya gāji kawunsa.

Ɗariƙarsa ta bazu zuwa Sham da Masar da ƙasar Turkawa. Ibnu Baɗuɗa, matafiyin nan da ya zo har Takadda ta yankin Azbin a 1353, ya ziyarci kabarin a 1327. Ya ce tafiyar yini guda ce daga Wasiɗ, ya tarar da zawiya babba da dubban fakirai, aka kawo musu gurasar shinkafa da kifi da madara da dabino, sa'an nan bayan sallar dare aka hura wuta suka shiga cikinta, waɗansu suna cizon kan maciji. Da wannan aka san Rufa'awa a ƙasashe da yawa. Amma Zahabi ya ce shiga wuta da wasa da macizai da hawan namun daji sun shigo ne bayan Tattar sun ci Iraƙi, watau bayan faɗuwar Bagadaza a 656, kuma Shehu bai san su ba, haka salihan sahabbansa. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya tsaya wa fāra har ta tashi, a ƙofar kabarinsa ake cizon kan maciji da sunansa. Mabiyi yana iya riƙe sunan shehunsa ya saki halinsa, kuma ban faɗi wannan ina duban wani gida ba sai nawa.

Wasiɗ yau kufai ce, kogin ya sāke hanya ya bar ta. Fadamar Baɗa'ihu an janye ruwan mafi yawanta bayan 1991, mutanenta suka watse, sa'an nan aka sake sakin ruwa a wani sashe bayan 2003. Kabarin Shehu yana nan a kudancin Iraƙi ana ziyartarsa. Babban masallacin Rufa'i da yake Alƙahira, wanda aka gama a 1912, sunansa ne kawai, ba can yake kwance ba.

Saura abu ɗaya da yake hana ni barci. Na tsufa, kuma na san ranar da aka ɗauke ni, kafin a yi sadakar uku wani zai nemo buhu. Na karanta cewa Zahiru Baibarasa, sarkin Masar da ya rasu a 676, ya bar wani lambu a Alƙahira wakafi domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Ni ba sarki ba ne, amma ina da 'yar gona. Na keɓe kunya 20 daga gefenta na gabas, abin da suka bayar na dawa a ciyar da dabbobin nan da shi har su ƙare da ajalinsu, in sun ƙare ya koma ga tsofaffin matan unguwa. Magadana sun yarda, an rubuta. Ina neman mutum biyu daga cikinku su zo su sa hannu a matsayin shaidu, kuma ina so ɗayansu ya zama dattijon da ya tsaya a ƙofa. Zaure a share yake, daren Juma'a bayan sallar lisha.

Tammat bi hamdillahi. Allah ya yi daɗin tsira da aminci ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.